Yadda ake shirya tuwon sabuwar shinkafa na taron gida a lokacin kaka

A ƙasar Kabi babu wata rana da aka rubuta a kalanda aka ce ita ce ranar cin sabon amfani. Dakarkarin Zuru suna da bikinsu na Uhola bayan an kai amfani gida, Argungu kuma tana da bikin kamun kifinta da aka fara a 1934, amma waɗannan na gari ne, ana gayyatar duniya. Wanda zan yi bayani a nan na cikin gida ne: ranar da dangi za su haɗu a ɗora tukunyar farko daga shinkafar bana, a ci, a aika wa mutane. Ba salla ba ce, ba kuma wata ibada aka ƙirƙira ba. Walima ce ta godiya, kuma kowane gida da yadda ya gada.

Abin da ya sa na ga ya kamata a rubuta shi, yanzu a gidaje da yawa shinkafa daga fadama sai mota. Dillalai suna tsaye a bakin gona tun ba a gama bugu ba, musamman tun da noman ya zama na kuɗi sosai bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, ga kuma manyan injina irin su Labana da WACOT suna jiran shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba. Sayarwa ba laifi ba ce, da ita ake biyan bashin taki da kuɗin makaranta. Amma abin takaici ne a ce yaron da ya kwashe makonni yana korar tsuntsu a gona bai san ɗanɗanon abin da ya tsare ba. Wannan girki tun a masussuka ake fara shi, kuma wanda bai ware buhun gida tun a can ba, da wuya ya yi taron.

Tsayar da rana

Maigida ne yake sa rana, amma kada ya sa sai ya shawarci uwargida ko tsohuwar gidan, domin su ne suka san kwana nawa shinkafa take bukata kafin ta shiga tukunya. Gero yana riga kowa nuna, tun wajen Satumba ake cin tumu. Shinkafar damina kuwa daga Oktoba zuwa Disamba ake yankanta, gwargwadon irin da aka shuka da kuma zurfin fadamar. Irin Sipi, wato Faro 44, yana saurin isowa, jar shinkafa ta gargajiya mai bin ruwa kuma sai ta ja lokaci. Dawa ce ke rufe kaka. A ganina lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama bugun shinkafa, kafin a shiga yankan dawa. A wannan tsakanin kabewa ta ƙosa, gyaɗa sabuwa tana gida, yakuwa ba ta bushe ba tukuna, sanyin hunturu kuma ya fara saukowa, zama kusa da murhu ba ya gallabar mata.

A ba da tazarar mako guda aƙalla daga ranar da aka kawo buhuna. A kauce wa ranar kasuwar garin, domin rabin mazan gida ba za su samu zama ba. Juma'a bayan an sauko daga masallaci tana da daɗi ga waɗanda ke kusa, amma in akwai ma'aikata da 'yan makaranta da za su zo daga Birnin Kebbi ko Sakkwato, Asabar ta fi.

'Ya'ya mata da ke gidajen aure su ne na farko da za a sanar, kuma ta hannun mazajensu, cikin mutunci. A kira a waya, in gari ɗaya ne a tura yaro. Sannan a tuna da waɗanda suka zo gayya ranar yanka. Ba lallai su zo cin tuwo ba, amma akushinsu yana cikin lissafi tun yanzu.

Fitar da hakkin da ke cikin amfanin

Kafin a ɗebi ko mudu ɗaya don girki, a auna abin da aka samu, a fitar da zakka. Alƙur'ani a cikin Suratul An'am ya yi umarni da a bayar da hakkin amfani ranar girbinsa. Nisabi wusuƙi 5 ne, kowane wusuƙi sa'i 60, jimla sa'i 300 kenan, sa'i ɗaya kuma mudun Annabi 4 ne. Abin da ruwan sama ko ambaliyar gulbi ya shayar, ɗaya bisa goma ake fitarwa. Wanda aka sha wahalar ban ruwa da inji, irin shinkafar rani, ɗaya bisa ashirin ne. Akwai wurin da mutane ke rikicewa: kamar yadda ake karantarwa a Risala, shinkafa da gero da dawa kowanne jinsi ne mai zaman kansa, ba a haɗa su don cika nisabi. Da yake buhuna da kwanukan awo sun sha bamban daga kasuwa zuwa kasuwa, a kira malamin unguwa ya tsaya a kan awon, kada a yi kirdado.

Wanda amfaninsa bai kai nisabi ba, ba zakka a kansa, amma da wuya a samu gidan da ba ya cire wani abu. A bar wa masu kala abin da suka tsinta a gona ba tare da tsawa ba. A ware wa gwaggo da inna da duk wata tsohuwa ta dangi kasonta na shanshera, ko kwano biyu ne.

Akwai kuma shekarar da ruwa ke yin gyara, kamar 2020 da ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a jihar Kebbi, akwai kuma 'yan uwa da rashin tsaro ya raba da gonakinsu. A irin wannan shekara kada a ce an fasa. Wanda ya samu a cikin dangi shi zai kawo, in babu kowa a sayi sabuwa a kasuwa a rage yawan girkin. Gidan da bai girbe komai ba shi ya fi bukatar a tara masa mutane, kada ya ji an manta da shi.

Gyaran shinkafa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake ɓata tuwo tun kafin a hura wuta.

A raba shansherar da aka ware gida biyu. Kaso mafi yawa na tuwo ne, shi ba a yi masa gumi, ɗanya ake kai shi inji. Ƙaramin kason shi za a yi wa gumi, don dafa-dukan yara da baƙin da ba su cika son tuwo ba. A lissafin gida, mudu ɗaya na gyararriyar shinkafa yana isar manya biyar zuwa shida a tuwo. A tuna cewa shanshera tana raguwa sosai a inji, kusan kashi ɗaya cikin uku yana tafiya a ƙaiƙayi da dusa. Saboda haka in ana son mudu goma, a ware goma sha biyar ko fiye.

Ta tuwo: a sheƙe ta da kyau a iska, a shanya a kan tamfol ko tabarma, ba a kan kwalta ko ƙasa ba, domin daga nan tsakuwa ke shiga. A baza ta sirara, a riƙa juyawa da ƙafa ko da katako. Kada a bar ta ta wuni cur a ƙarƙashin rana mai zafi. Ƙwayar tana tsagewa a ciki, in ta je inji sai ta fito rabi tsaki. A shanya da hantsi, in rana ta take a ja ta inuwa, a sake fito da ita da la'asar. Gwajin bushewa da haƙori ake yi. A ɓare ƙwaya ɗaya a ciza: in ta ce ƙas ta rabu biyu, ta yi, in ta lotsa ko ta manne a haƙori, da saura. Wadda ba ta bushe ba in aka kai ta inji cuɗewa take yi, kuma ko an samu an sarfe ta, kwana kaɗan za ta fara wari.

Ta gumi: a zuba shansherar a ruwa a kwashe duk abin da ya taso sama, wannan holoƙo ne, ba ƙwaya a ciki. A ɗora ruwa ya yi zafin da hannu ba zai iya daɗewa a ciki ba, amma kada ya tafasa. A zuba shinkafar, ruwan ya sha kanta, a sauke a rufe ta kwana. Da safe a tsame, a wanke, a mayar tukunya da ɗan ruwa kaɗan a ƙasa, a rufe da buhu mai tsabta, a hura wuta tururi ya ratsa ta. Alamar ta yi ita ce bawon ƙwayoyin sama ya fara buɗe baki. Daga nan a juye a shanya, kuma ita ma a ƙarasa busar da ita a inuwa. In ta wuce kwana ɗaya a jiƙe, tsami take yi, shi ne warin da wasu ke kuka da shi a shinkafar gida, alhali ba laifin shinkafar ba ne.

A wurin inji a tsaya a kai. A roƙi mai injin ya kakkaɓe abin da ya saura na wani kafin ya zuba, kuma a fara da ɗanyar kafin gumi. A kwaso dusar, dabbobi na so. In an dawo gida a bakace a faifai, a ware tsakin daban. Kada a raina shi, da shi za a yi kunun gyaɗa, ragowar kuma a niƙa ya zama garin ɗaurin tuwo.

Wani abu da ba na wasa ba: hatsi ko waken da aka riga aka sa wa maganin ƙwari don ajiya ba ya shiga wannan girki. Wanda za a ci a ware shi tun farko, a ajiye shi nesa da wanda aka sa wa magani, kuma a gaya wa duk matan gida wane buhu ne wane.

Jajibiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da za a iya gamawa a jajibiri a gama shi.

Ga gidan da zai ciyar da mutum talatin da akusan waje, ana bukatar kabewa manya biyu, waɗanda suka ƙosa har farce ba ya shiga bawonsu, cikinsu ja. Sai ɗanyar gyaɗa kamar mudu ɗaya, yakuwa, alayyahu, tattasai, attarugu, tumatir kaɗan, albasa mai yawa, in an samu ta Aliero an more, da daddawa, citta, masoro, kanwa 'yar kaɗan, man gyaɗa ko manja, da man shanu na zubawa a kan tuwo. Nama kuwa mai ƙashi ake nema. Taushe ba ta son tsoka zalla. Ƙashin rago ko na sa mai ɓargo, da ɗan kayan ciki, su ke ba ta garɗi. Mai hali ya yanka ɗan akuya, marar hali kaji biyu sun wadatar, babu wanda zai ƙirga.

A zauna a tsince gyaɗar ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta yi baƙi, ta yamushe ko ta yi fumfuna a zubar, kada a ba ko kaji, domin gubar da ke cikinta tana lahani ga hanta kuma dafuwa ba ta kashe ta. Wannan aikin yara da tsofaffi ne, a shimfiɗa tabarma a ba su faifai.

A tanadi busasshen icce, a cika randuna, a wanke akusa da kwanuka a kife. A surfa sabon gero na fura, a wanke, a haɗa da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono a kai niƙa. A yi wa mai nono magana tun yau ta kawo kindirmo da safe. A kuma raba aiki da suna: wance miya, wance da wance tuwo, wance fura, 'yan mata wanke-wanke da jajjage. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma gishiri da daddawa mace ɗaya za a bar wa, in ba haka ba kowa ta wuce ta ɗan ƙara.

Miyar taushe

Ita ake fara ɗorawa, da hantsi, domin ta fi tuwo cin lokaci.

A wanke nama a zuba a babbar tukunya da albasa, citta, masoro, dakakkiyar daddawa da gishiri. A bar shi ya fara tsotse ruwan jikinsa kafin a tsayar da ruwa. In ya yi rabin nuna a fere kabewa, a cire 'ya'yan a ajiye don iri, a yanka manya-manya a jefa a kan naman. Idan ta yi laushi har cokali yana shiga ba turjiya, a tsame ta a dama da ludayi ko a daka a turmi mai tsabta, a mayar. Wasu suna barin 'yan gutsattsari don a riƙa cin karo da su, ni ma na fi son haka.

A wata tukunyar a soya jajjagen tattasai da attarugu da albasa da ɗan tumatir, har mai ya taso sama, tsamin ya mutu. A juye a kan naman. Tumatir kada ya yi yawa, yakuwa na nan tafe da nata tsamin.

Sai gyaɗa. A daka ta ɗanya, ba lukui ba, da ɗan saura. A barbaɗa ta a kan miyar tana tafasa, a rufe, kada a juya nan take. A bari ta yi kamar minti goma ta dahu a sama, sannan a gauraya. Daga nan a rage wuta, domin gyaɗa da kabewa suna saurin kamawa a gindin tukunya, kuma in taushe ta yi ƙauri ba ta da magani. Sabuwar gyaɗa tana da gafi, sai an ba ta lokaci. A ɗanɗana: in har ana jin ɗanyenta a harshe, ba a kai ga ganye ba.

Yakuwar kaka ta fi ta farkon damina tsami. A tsinke ganyen, a wanke, a zuba masa tafasasshen ruwa da ɗan ƙanƙanin kanwa, a tsame a matse. Kada a kashe tsamin duka, shi ne ke tsaga zaƙin kabewa. A zuba ta, bayan ɗan lokaci a bi da alayyahu da yankakkiyar albasa, a bar tukunya a buɗe minti biyar a sauke. Miyar da ta yi kyau tana da kauri, in an ɗebo a ludayi tana zuba a hankali, mai yana kewaye da gefenta.

Tuwon

Sabuwar shinkafa ba ta shan ruwa kamar tsohuwa. Akwai sauran danshi a jikinta, tana saurin narkewa, tana da danƙo. Wadda ta saba da tuƙa shinkafar da ta shekara a rumbu, in ta tsayar da ruwa yadda ta saba, talge za ta samu.

A rege shinkafar a ƙwarya sau biyu, ko da an ce injin yana cire tsakuwa. A wanke har ruwan ya fara haske. Tsohuwa akan jiƙa ta, sabuwa ba ta bukata. A ɗora ruwa ya tafasa, a ɗebi wani a ajiye a gefe a kan garwashi, sannan a zuba shinkafar, ruwan ya hau kanta da kamar gaɓar yatsa biyu. A rufe. In ta tsotse, a ɗauki ƙwaya a murza tsakanin yatsu. In ta baje ba tsaki a tsakiya, a ɗauko muciya. In da saura, a yayyafa daga ruwan zafin nan da aka ajiye, kaɗan-kaɗan. Ruwan sanyi ba ya shiga tukunyar tuwo.

A irin wannan lokaci ne za ka ji amaryar gida, hannunta riƙe da moɗa, tana tambaya:

"Gwaggo, in ƙara? Kamar ta bushe."

"A'a ɗiyata, aje moɗar nan. Sabuwa ce, ruwanta na cikinta. Rufe ki janye icce biyu."

Tuƙin farko a yi shi da ƙarfi, ana murƙushe shinkafar a jikin tukunya, daga gefe zuwa tsakiya. Babbar tukunya sai mutum biyu, ɗaya ta danne da tsumma ɗaya ta tuƙa, suna karɓa-karɓa. In tuwon ya saki, a barbaɗa garin tsakin nan da aka niƙa, kaɗan-kaɗan ana tuƙawa don kada ya yi gudaji. Sannan a yayyafa ɗan ruwan zafi, a rufe, a bar shi a kan garwashi ya sulala kamar minti goma sha biyar. Wannan sulalar ita ce masu gaggawa ke tsallakewa, shi ya sa tuwonsu ke ɗanyen gari. A buɗe a sake tuƙawa har ya yi sumul yana barin jikin muciya.

A kwashe da mara ana tsoma ta a ruwa, a mulmula a ƙwarya, a jera a akushi. Na san leda ta zama ruwan dare, tana kuma da sauƙi, amma a wannan rana na fi son a bar ta. Tuwon da ya kwanta a akushi ko a kula ya fi riƙe ƙamshin sabuwar shinkafa, kuma ƙamshin nan mako kaɗan yake yi a shekara ya wuce. Ƙanzon da ya kama a gindin tukunya a bar shi ya bushe a kan sauran wuta, a ɓamɓare a ajiye.

Dafa-dukan gumi ba ya bukatar dogon bayani, kowace mace ta iya. A dai sa masa daddawa da busasshen kifi da sabon wake, a rage ruwa.

Kifi da abin sha

Taron Kabawa ba kifi bai cika ba. Wanda ke kusa da gulbi, a Argungu ko Yawuri ko Bagudo, ya nemi ɗanye da sassafe: tarwaɗa ko ragon ruwa don farfesu, giwan ruwa in aljihu ya yarda. A duba cikin kunnen kifin ya kasance ja, ido garau, jiki ba ya lotsawa. Tarwaɗa a zuba mata ruwan zafi ko a goge ta da toka yauƙin ya fita, a bi da lemun tsami saboda ƙarni. A dafa romon da kayan yaji shi kaɗai ya haɗu, sannan a jera kifin. Ba a sa ludayi a juya, kunnen tukunya ake kamawa a girgiza. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya isa. Shi ake ɗorawa a ƙarshe, ana gab da zama. Wanda ya yi nisa da ruwa ya sayi banda, ya shinshina tukuna. In ya ji warin magani ya bar shi. A jiƙa a ruwan zafi, a cire ƙaya, a sa a taushe kafin ganye.

Fura da safe ake dafa ta a kirɓa, a cura, a dama da nono in an yi azahar. Kunun gyaɗa da tsakin shinkafa na yara ne da tsofaffin da ba sa son abu mai nauyi. In akwai maiwa a gona, da yake tana jinkirin nuna, a karyo kawuna kaɗan a babbaka a kan harshen wuta ana jujjuyawa, a murje a tafin hannu a hure. Tumu ke nan, yana riƙe yara su bar mata su yi aiki.

Rabo da zaman ci

Akusan waje su ke fara fita, kafin kowa a gida ya sa loma. Wannan ita ce ƙa'idar da ba na son a taɓa. In aka bari sai an ci an ƙoshi, abin da zai fita saura ne, kuma mai karɓa yana ganewa. Uwargida ta zauna a gaban tukwane ta lissafa: gidan liman, maƙwabta na dama da na hagu, surukai, waɗanda suka yi gayya, gidan da aka yi rasuwa a bana, matar da mijinta ya yi tafiya, almajiran da ke yi wa gidan aike. Kowane akushi da malmala biyu ko uku, da miya mai nama a kwano daban, da ɗan man shanu.

A koya wa yaran da za a aika abin da za su faɗa, su yi sallama, su durƙusa: "Inna ta ce a gaishe ku, ga ɗanɗanon sabo." Amsar da za su dawo da ita sananniya ce: "Madalla, Allah ya amfana, ya maimaita mana." Su kuma kawo amsar har kunnen wadda ta aike su.

Sannan a shimfiɗa tabarmi, maza a zaure ko ƙofar gida, mata a tsakar gida, yara a tsakani inda ido ke kansu. Kafin a buɗe akusa dattijon gida ya yi addu'a, gajeriya, tuwo na hucewa. Ya zo a Sahihu Muslim cewa idan aka kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, nunan fari na 'ya'yan itace, yakan yi addu'ar albarka, sannan ya kira mafi ƙanƙantar yaro ya ba shi. Gidan da bai da wata al'ada tasa ta buɗe ci, ga abin koyi nan. Kaka ya gutsuri lomar farko, ya dangwali miya ta gefen da ba yaji, ya hura, ya sa wa autan jikoki a baki.

A ci a akushi ɗaya, mutum huɗu ko biyar, kowa gabansa. Babba ne ke raba nama, kuma a ƙarshe. Ranar nan ba ranar tayar da maganar gado ko iyakar gona ba ce. Wanda ke da irin wannan magana a ce masa ya dawo jibi. Hirar da ta dace ita ce ta noman kanta: wace fadama ta ba da kai, wane iri ya jure ruwa, wa ya fi kowa yanka. A ambaci yaran da suka yi tsaron tsuntsu da sunayensu a gaban manya. A kuma tabbatar matan da suka wuni a gaban wuta sun cire nasu kason mai kyau tun wajen kwasa, har da kifin.

Bayan an tashi

Tuwon da ya rage a buɗe shi ya huce, kada a kulle shi da zafinsa a kula har safe, lalacewa yake yi. Miya a sake tafasa ta kafin a kwanta, a rufe, kada a ƙara sa mata cokali. Da safe a yanka tuwon a jefa a tafasasshen ruwa da ɗan gishiri har zafi ya ratsa cikinsa, a yi ɗumame. Farfesun kifi kuwa ba ya kwana, a cinye shi a daren.

'Ya'ya matan da za su koma gidajensu kowace a ƙulla mata gyararriyar shinkafa, ko mudu biyu ne, da yankin kabewa da ƙanzo. Kafin maza su watse a buɗe buhun da aka zaɓa don iri a duba shi tare, a ɗaure, a rubuta sunan irin a jikinsa, a ɗora a kan katako nesa da bango. Masu noman rani su faɗi mudu nawa kowa yake so tun a wurin, domin ba a jima ba za a fara zuba iri a fadama.